Yaya ake nazarin cibiyar atam mai baƙo ta hanyar harbin ilektiron?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin fiziks ne a aji huɗu na jami'a a nan Legas, a Agege nake zaune. Ina karatu don aikina na kammalawa sai na ci karo da wani abu da ake kira haifanukiliyas, aka ce ana gano tsarinsa ta hanyar harbi da ilektiron. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, an ce ko kashi ɗaya cikin biliyan na sakan ba ya kaiwa yake rushewa. To yaushe aka kama shi, har aka saita shi aka harba? Me ya sa aka zaɓi ilektiron? Sannan Malam, ana iya irin wannan aiki a Najeriya? Allah ya ƙara basira."

Wa alaikumus salam ƙanena, amin, Allah ya sa ka gama lafiya. Tambayarka uku ce a dunƙule, amma ta farkon ita ce uwa. Kuma ɗaurewar kan da ka yi daidai ne, domin yadda ake faɗin abin ne yake ruɗa mutum. Idan aka ce "harbi da ilektiron", hankali yakan tafi ga aikin Robert Hofstadter a jami'ar Stanford a shekarun 1950, inda aka ajiye cibiyoyin atam na yau da kullum ana harba musu ilektiron, ana duba yadda yake karkata, daga nan a auna girmansu. Aikin ya ba shi kyautar Nobel a 1961. Da haifanukiliyas ba haka ake yi ba, babu wanda ya taɓa ajiye shi a gabansa ya harba. Abu na yau da kullum ake harbi, kamar kabon, sai harbin da kansa ya haifi haifanukiliyas ɗin a cikinsa. Shi kuwa ba a ganin sa. Lissafin abin da ya shiga da abin da ya fito ake yi, giɓin da ya rage shi yake ba da labarinsa. Idan ka riƙe wannan, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Wane ne baƙon?

Ka san cibiyar atam furoton da niyutiron ne a cikinta, kuma kowannensu ƙwayoyi uku ne da ake kira kwak. Furoton yana da kwak ɗin sama biyu da na ƙasa ɗaya, niyutiron kuma na ƙasa biyu da na sama ɗaya. Duk abin da ka taɓa riƙewa a hannunka, daga tsabar gero har ƙarfen gadar Third Mainland, waɗannan kwak biyu ne da ilektiron suka haɗa shi. Amma akwai na uku da ya fi su nauyi, wanda masana suka raɗa wa suna baƙon kwak. Sunan ya samo asali ne daga mamakin da ƙwayoyin da ke ɗauke da shi suka bayar tun da George Rochester da Clifford Butler suka fara ganin sawunsu a Manchester a 1947: ana samar da su cikin sauƙi, amma suna jinkirin rushewa fiye da yadda aka zata.

Idan ka haɗa kwak ɗin sama ɗaya, na ƙasa ɗaya, da baƙon ɗaya, ka sami ƙwayar da ake kira Lamda. Ba ta da cajin lantarki, kamar niyutiron, sai dai ta fi shi nauyi. Da ma'aunin da muke aiki da shi, wato MeV, wanda ake auna ƙarfi da nauyin ƙananan ƙwayoyi da shi, furoton 938.3 ne, niyutiron 939.6, Lamda kuwa 1115.7. Cibiyar atam ɗin da Lamda ta shiga ta zauna tare da furoton da niyutiron, ita ce haifanukiliyas. Ni a aji nakan kira ta cibiya mai baƙo, ɗalibai sun fi saurin kamawa.

Masana biyu 'yan ƙasar Folan, Marian Danysz da Jerzy Pniewski, su suka fara ganin ta a birnin Warso a 1952. An aika wani faifai mai kama da fim ɗin hoto sama a cikin balan-balan, ƙwayoyi masu ƙarfi da ke zuwa daga sararin samaniya suka ratsa shi. Da aka duba a madubin ƙara girma sai aka ga wuri ɗaya da cibiya ta tarwatse, wani ɓaraguzanta ya yi 'yar tafiya, ya tsaya, sannan shi ma ya fashe da ƙarfin da ya wuce kima. Abin da ya riƙe wannan ƙarfi na tsawon tafiyar nan Lamda ce a cikinsa.

Yanzu batun gajartar rai. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, kuma Lamda ta cika wannan magana: matsakaicin ranta kashi 263 ne cikin tiriliyan na sakan. Haske ma, duk saurinsa, santimita 8 bai cika ba a wannan lokaci. A idonmu wannan ba komai ba ne. Amma ka auna da agogon cibiyar atam. Lokacin da haske zai ratsa cibiya daga gefe zuwa gefe ya fi ran Lamda gajarta fiye da sau tiriliyan ɗaya. Da za a ce ratsawar nan sakan guda ce, da Lamda ta yi sama da shekara dubu talatin a gidan. Ka ga ta sami isasshen lokacin da za ta zauna daram a wani mataki, matakin nan kuma yana da ƙayyadadden ƙarfi wanda za a iya aunawa. Dalilin jinkirin shi ne ƙaƙƙarfan ƙarfin da ke ɗaure cibiya ba ya iya sauya baƙon kwak zuwa wani iri. Sai rarraunan ƙarfi, wanda ke jawo ruɓewar wasu sinadarai, shi kuma aikinsa a sannu yake.

Me ya sa ake wannan wahala?

Nan ne wurin da abin ya fi burge ni. Akwai dokar da Wolfgang Pauli ya fitar a 1925, wadda ta ce ƙwayoyi biyu iri ɗaya irin su furoton ba sa zama a hali guda. Ka ɗauki cibiya kamar gida mai ɗakuna a jere, daga ƙurya zuwa zaure. Ɗakin ƙurya furoton biyu yake ɗauka da niyutiron biyu, shi ke nan ya cika. Wanda ya zo daga baya sai ya nemi wuri ta waje-waje. Saboda haka idan ka ƙara niyutiron a cibiya mai nauyi, a zaure zai tsaya, labarin zaure kawai zai kawo maka. Lamda kuwa ba furoton ba ce, ba niyutiron ba ce, dokar ba ta haɗa ta da su. Kowane ɗaki a buɗe yake gare ta har ƙurya. Wannan ya sa ta zama ɗan aiken da ake turawa can tsakiyar cibiya, inda sauran hanyoyi suke wahalar kaiwa. A wani gwaji da aka yi a cibiyar KEK ta Japan da sinadarin itiriyam-89, an ga matakan Lamda a jere ɗaya bayan ɗaya tun daga ƙurya har waje. Duk lokacin da nake koyar da tsarin matakan cibiya nakan nuna wannan hoton, domin gani ya kori ji.

Dalili na biyu shi ne muna son sanin ƙarfin da ke tsakanin Lamda da furoton ko niyutiron. Tsakanin furoton da furoton an sani sosai, domin an harbi ɗaya da ɗaya sau ba adadi. Lamda kuwa 'yan santimita take tafiya ta rushe, da ƙyar ake samun ta ci karo da wani furoton a hanya, don haka bayanan karon kai tsaye kaɗan ne ƙwarai. Mafi yawan abin da aka sani daga cibiyoyi masu baƙo aka ciro shi. Daga nan aka gane cewa ramin da cibiya take jan Lamda a ciki zurfinsa kusan MeV 30 ne, ya gaza na furoton da niyutiron, kuma Lamda da furoton su biyu kaɗai ba sa ɗauruwa. Mafi ƙanƙantar cibiya mai baƙo sai an haɗa uku: furoton, niyutiron da Lamda.

Lissafin giɓi

Ga yadda gwajin yake gudana. Ana hanzarta ilektiron har ƙarfinsa ya haura MeV dubu biyu, a harba shi kan siririn faifan kabon. Wani lokaci, ba safai ba, ilektiron yakan miƙa wa wani furoton na cikin cibiyar babban rabo daga ƙarfinsa, ta hanyar ƙwayar haske da ake kira foton. Ƙarfin nan sai ya rikiɗe ya zama tagwaye: baƙon kwak da kishiyarsa. Baƙon ya haɗu da kwak biyu na furoton ɗin suka zama Lamda. Kishiyar kuma ta ɗauki kwak ɗin sama ɗaya da ya rage suka zama wata ƙwaya mai caji da ake kira kayon, ta fice. Idan an yi sa'a Lamda ba ta fita ba, ta maƙale a cikin cibiyar. Kabon-12 yana da furoton 6 da niyutiron 6. Bayan wannan ya koma furoton 5, niyutiron 6 da Lamda 1, wato boron-11 da baƙuwa a ciki, wanda ake kira boron-12 mai Lamda.

Abu biyu ne suke fitowa waɗanda na'ura take kamawa: ilektiron ɗin da ya rage ƙarfi, da kayon. Kowannensu ana bi da shi ta cikin manyan maganaɗisai, gwargwadon lanƙwasar da ya yi a san ƙarfin tafiyarsa da kusurwar da ya fito.

Ka ɗauka ka aiki yaro kasuwar Mile 12 da naira dubu goma. Ya kai saƙon wani gida, bai kawo maka ka gani ba, amma ya dawo maka da canjin dubu uku, ya ce kuɗin mota dubu ɗaya. Ko ba ka ga kayan ba ka san dubu shida suka ci. To haka ne a nan. An san ƙarfin ilektiron ɗin da aka harba, an san nauyin kabon ɗin da ke zaune. Canji shi ne ilektiron ɗin da ya fito, kuɗin mota shi ne kayon. Dokar adana ƙarfi da ta adana motsi ba sa barin ko ƙwandala ta ɓata, don haka abin da ya rage shi ne nauyin cibiyar da ba a gani ba. Sai a kwatanta shi da nauyin boron-11 da na Lamda idan suna rabe. Abin da ya gaza da shi, shi ne ƙarfin ɗaurin Lamda.

Ka ci gaba da misalin. Ka aiki yaron sau dubu, kullum kana rubuta giɓin. Idan ka ga giɓin yana yawan faɗawa a kan dubu shida ko dubu bakwai da ɗari, ba ya cika faɗawa tsakani ba, ka san kaya iri biyu ne yake saya, kowanne da farashinsa. Haka masu gwajin suke tara dubban aukuwa su zana jadawali, sai tsaunuka su tashi a wasu wurare. Kowane tsauni ɗaki ne da Lamda ta zauna. A boron-12 mai Lamda, babban tsauni na farko yana kan ɗauri kusan MeV 11.5, wato Lamda tana ƙurya. Na biyun yana kusan MeV 11 sama da shi, Lamda tana ɗaki na gaba, saura ƙiris ta fice. Tsakaninsu akwai ƙananan tsaunuka, inda Lamda tana ƙurya amma shi boron-11 ɗin ne aka tayar wa hankali ya hau wani matakinsa. Waɗannan ƙananan su ne masu daraja ga mai nazarin tsari, domin su suke nuna yadda zaman baƙuwar ya sauya zaman masu gida.

Me ya sa ilektiron?

Kafin ilektiron da wasu ƙwayoyi ake yi. A shekarun 1970 a cibiyar bincike ta CERN da ke Turai, sannan a Brookhaven ta Amurka, an yi amfani da kayon mai cajin ragi, wanda yake zuwa da baƙon kwak ɗinsa ya miƙa wa niyutiron. Daga baya a Brookhaven da KEK aka koma ga wata ƙwaya da ake kira fayon. Hanyoyin nan sun yi aiki babba, har gobe ana amfani da irinsu a cibiyar J-PARC da ke Tokai a Japan. Sai dai kayon da fayon ba a ajiye suke ba. Sai an harbi wani abu da furoton an samar da su, sannan a tattara su a tace. Suna zuwa kaɗan-kaɗan, a baje, ƙarfinsu bai zama ɗaya ba. Don a sami aukuwa da yawa dole a sa abin hari mai kauri, kauri kuwa yana cin ƙarfin ƙwayoyin ta yadda ba za a san adadinsa daidai ba. Sakamakon shi ne tsaunukan suna fitowa da faɗin MeV ɗaya da rabi zuwa biyu, na kusa da juna su narke su zama ɗaya.

Ilektiron kuwa kai tsaye yake fitowa daga na'ura, da yawan gaske, siriri kamar zare, an san ƙarfinsa sosai. Wannan ya ba da damar sa abin hari mai sirantaka. A ɗakin binciken Jefferson da ke Newport News a jihar Bajiniya ta Amurka, inda aka fara wannan gwaji a shekarar 2000, aka maimaita da ingantattun na'urori a 2005 da 2009, an kai faɗin tsauni kusan rabin MeV. A gwajin 2009 ilektiron yana shiga da MeV 2344, ana kama wanda ya fito da kusan 844, da kayon mai motsi kusan 1200. Kowanne sai an auna shi da kuskuren da bai wuce kashi biyu cikin dubu goma ba. Kamar ka auna buhun shinkafa mai kilo 50 ne, a ce kada ka kuskure da giram 10.

Fa'ida ta biyu, kayon da fayon niyutiron suke mayarwa Lamda, ilektiron kuwa furoton yake mayarwa. Daga kabon-12 ɗaya, waccan hanya kabon-12 mai Lamda take bayarwa, wannan kuma boron-12 mai Lamda. Biyun kamar mutum ne da hotonsa a madubi: ɗaya furoton 6 da niyutiron 5, ɗayan furoton 5 da niyutiron 6. Kwatanta su yana nuna ko Lamda tana bambanta furoton da niyutiron. Kuma ana samun cibiyoyi masu rinjayen niyutiron waɗanda da wuya a same su ta wata hanya, kamar hiliyam-7 mai Lamda da aka samar daga litiyam-7, aka auna ɗaurinsa kusan MeV 5.5. Sannan foton yana iya juya juyin ƙwayar da ya taɓa, wato alkiblar jujjuyawar da take yi a kanta, don haka yana buɗe wasu matakai da fayon ba ya cika taɓawa.

Ta uku ita ce wadda na fi ba muhimmanci, kuma ita ɗalibai suka fi rainawa: saita ma'auni. Bari in ba ka abin da ya faru a gabana. A ɗakin gwajinmu muna da na'urar auna hasken gama, wato haske mai ƙarfin gaske da cibiyoyin atam suke fitarwa. Kafin a auna komai sai an sa mata sinadarin siziyam-137, wanda kowa ya san tsauninsa yana kan keV 662 (keV kashi ɗaya ne cikin dubu na MeV), da kobal-60 mai tsaunuka biyu a kan 1173 da 1332. Wata rana wani ɗalibina ya saita da safe, ya sa samfurin ƙasa da ya ɗebo. Ana cikin ƙirge aka ɗauke wuta, aka tayar da janareta, ɗakin ya yi zafi. Da yamma ya zo mini da takarda hannunsa na rawa, ya ga tsauni a wurin da babu wani sinadari da aka sani. Na ce ya mayar da siziyam ɗin. Sai ga shi shi ma ya gusa daga 662. Ma'aunin ne ya motsa, tsaunin kuwa na fotasiyam-40 ne da ke cikin kusan kowace ƙasa. Tun ranar ba ya yarda da wani adadi sai ya tambayi da me aka saita.

To su masu ilektiron siziyam ɗinsu haidurojin ne. Cibiyar haidurojin furoton ne guda tilo. Idan aka harbe shi, giɓin dole ya faɗa a kan 1115.7, nauyin Lamda, ko a kan 1192.6, nauyin 'yar uwarta Sigma marar caji. An san adadin nan biyu sarai. Sai a sa faifan leda mai kabon da haidurojin, a gyara ma'auni har tsaunukan biyu su zauna a wurinsu. Masu fayon ba su da wannan gata, domin niyutiron suke buƙata, kuma babu yadda za a ajiye niyutiron shi kaɗai a faifai. Sun dogara ne da tsohon adadin ɗaurin kabon-12 mai Lamda da aka samo daga faifan hoto, MeV 10.76. Da sakamakon ilektiron ya fito sai aka ga alamar cewa adadin nan yana buƙatar ƙarin kusan rabin MeV, wanda ke nufin dukan ma'aunan da aka jingina da shi sai an sake duba su.

Inda hanyar take da rauni

Kada ka ɗauka ilektiron ya fi ta kowace fuska. Yiwuwar ya haifi cibiya mai baƙo ta yi ƙasa da ta fayon kusan sau ɗari. Kuma ilektiron ƙwaya ce mai ƙarancin nauyi ƙwarai, da ya kusanci cibiya sai ya karkata ya zubar da haske, ko ya buge wani ilektiron na cikin faifan. Na'urar sai ta cika da miliyoyin ilektiron a kowane sakan waɗanda ba ruwansu da Lamda. A ɓangaren kayon ma fayon da furoton sun ninka shi yawa nesa ba kusa ba, sai an sa na'urori masu tantance saurin ƙwaya an tsince shi. Shi kansa kayon ɗin ɗan gajeren rai ne: a irin wannan gudu, idan hanyar ta kai mita 10, kusan biyu cikin uku sun rushe kafin su isa. Shi ya sa aka ƙera masa ma'auni na musamman mai gajeriyar hanya.

Babbar matsalar ita ce tabbatar da cewa wannan ilektiron da wancan kayon daga karo ɗaya suka fito. Tsofaffin na'urori a dunƙule suke amayo ilektiron, su yi shiru, su sake. A cikin dunƙule ɗaya karo da yawa suna faruwa tare, ba ka sanin wane na wane ne. Na'urar Jefferson, wadda ake kira CEBAF, tana sako su ne ƙanana-ƙanana ba yankewa, kashi biyu cikin biliyan na sakan tsakanin kowane rukuni, ta cikin bututan niyobiyam da aka sanyaya zuwa digiri 2 a ma'aunin Kelvin. Wannan ne ya sa gwajin bai yiwu ba sai da aka sami irin wannan na'ura. Duk da haka haɗuwar katsaham ba ta ƙarewa, tana nan shimfiɗe a ƙarƙashin tsaunukan, kuma tana ƙaruwa idan abin harin ya yi nauyi. A 2009 an kai har kuromiyam-52.

Ko rabin MeV ɗin ma bai isa komai ba. Tsaunin farko na boron-12 mai Lamda matakai biyu ne manne da juna, tazararsu ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na MeV ba. Irin wannan sai hanyar auna hasken gama da cibiyar take fitarwa. Da ita ne aka gano a KEK cewa shigar Lamda cikin litiyam-6 tana tsuke shi da kusan kashi 19 cikin ɗari, kamar an ɗaure shi da igiya ta ciki. A Mainz ta Jamus kuma, da na'urarsu MAMI, ilektiron suke harbawa amma fayon ɗin da ke fita lokacin rushewar cibiyar suke aunawa. Ta haka suka sami ɗaurin haidurojin-4 mai Lamda, kaɗan sama da MeV 2.1. A ganina wanda ya ce hanya ɗaya ta wadatar bai duba lamarin da kyau ba. Ilektiron yana ba da ma'auni tsayayye, gama tana ba da ƙananan tazara, fayon da kayon suna ba da yawa.

Ni malamin aji ne da ƙaramin ɗakin gwaji. Hannuna bai taɓa waɗancan manyan na'urori ba, sanina da su ta hanyar sakamakon da aka wallafa ne da lissafin da nake bi da ɗalibai. Idan ka kai ga dabarun gyaran maganaɗisu da tace bayanai, rubuce-rubucen digirin waɗanda suka yi aikin da hannunsu za su fi ni amfani gare ka.

Daga kabon zuwa taurari

Akwai wurin da wannan ƙaramin adadi yake da babban tasiri. Idan babban tauraro ya ƙare ya fashe, wani lokaci yakan bar tauraron niyutiron, abin da ya fi rana nauyi amma faɗinsa bai fi kilomita ashirin da 'yan kai ba. A tsakiyarsa matsin ya ninka na cibiyar atam. Dokar Pauli tana tura niyutiron zuwa matakai masu tsada, har ya zama ya fi musu araha su rikiɗe su zama Lamda su sauka ɗakunan da ba kowa. A can baƙuwar ba ta rushewa, domin babu gurbin da abin da za ta haifa zai shiga. Amma idan haka ta faru turjiyar tauraron tana raguwa, kuma lissafi da yawa sun nuna ba zai iya ɗaukar nauyin da ya kai ninki biyu na rana ba. Sai ga shi a 2010 an auna tauraron PSR J1614-2230 aka same shi kusa da ninki biyu, a 2013 kuma PSR J0348+0432 ya ba da kusan 2.01. Wannan saɓani shi ake ta neman bakin zarensa. Ɗaya daga cikin bayanan da aka fi ɗauka shi ne akwai wani ƙarfin turi da ke tashi idan Lamda ta haɗu da ƙwayoyi biyu a lokaci guda cikin matsi. Don a gwada shi aka tsara harbin kalsiyam-40 da kalsiyam-48 a Jefferson. Furoton ɗinsu ɗaya ne, ɗayan ya fi da niyutiron 8, don haka bambancin ɗaurin Lamda a cikinsu zai nuna yadda take ji idan niyutiron suka yi rinjaye, irin halin da ke cikin tauraron.

To a Najeriya fa?

Gwajin kansa ba ya yiwuwa a nan yanzu. Muna da ƙaramin riyakta na binciken nukiliya a Zariya, wanda ya fara aiki a 2004 da ƙarfin kusan kilowat 30, da na'urar hanzarta ƙwayoyi a Ile-Ife mai bolt miliyan 1.7. Abin da ya fi kusa da kai shi ne na'urar gashin ciwon daji da ke asibitin koyarwa na Idi-Araba. Ita ma ilektiron take hanzartawa a miƙaƙƙen bututu, asalin dabarar ɗaya ce da ta Jefferson, sai dai irin waɗannan na asibiti ba sa wuce MeV ashirin ko makamancin haka. Haihuwar Lamda da kayon daga furoton kuwa tana neman ninkin wannan fiye da sau arba'in.

Amma aikin ba duka a gindin na'ura ake yin sa ba. Gwajin 'yan makonni ko watanni ne, tace bayanan shekaru yake ci, kuma a kan kwamfuta ake yi. Abin da za a nema a wurinka shi ne ka iya lissafin ƙarfi da motsi bisa ka'idar Einstein, ka san ilimin kwantam sosai, ka iya ƙididdiga, ka iya rubuta manhaja da Python ko C++, ka saba da manhajar tace bayanai ta ROOT wadda CERN take bayarwa kyauta. Cibiyar ICTP da Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 tana da shirin difloma na shekara guda ga ɗaliban ƙasashe masu tasowa, akwai kuma makarantar fiziks ta Afirka da aka fara a 2010 wadda take zagaya ƙasashe. Ka sa ido a kan sanarwarsu.

Game da aikin kammalawarka, shawarata kada ka yi ƙoƙarin rungumar fannin duka. Ka ɗauki boron-12 mai Lamda shi kaɗai. Ka zana ramin ƙarfi mai zurfin kusan MeV 30 da faɗin da ya dace da cibiya mai ƙwayoyi 11, ka warware lissafin Schrödinger a kwamfuta, ka ga ko matakinka na farko zai zo kusa da 11.5, na biyu kuma kusa da bakin rami. Sannan ka ƙara girman cibiyar har zuwa dalma-208, ka ga yadda ɗaurin yake hawa yana doso zurfin ramin. Kafin wannan, yau da dare ka gwada ƙaramin lissafi: nauyin kayon 493.7 ne, na Lamda da na furoton na ba ka a sama. Ka nemo mafi ƙarancin ƙarfin da foton yake buƙata ya haifi Lamda da kayon daga furoton da ke zaune. Haɗa nauyin Lamda da kayon ka ninka shi da kansa, cire nauyin furoton da aka ninka da kansa, raba da ninki biyu na nauyin furoton. MeV 911 ya kamata ka samu. Idan ka samu, turo mini yadda ka bi, sai mu ɗora da lissafin giɓin kabon.